Sawun da Ban Share Ba

Ranar Talata ce a tsakiyar bazara, shekarar da na gama famfara, tun Turawa ba su shigo ƙasar nan ba. Mu takwas muka sauka gulbi ɗibar ruwa da hantsi, da za mu koma kuwa ni ce ta ƙarshe. A Unguwar Kanya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Yarinyar da ta zo ƙarshe ita ke jan reshen ƙaya a bayanta, tana share sawun kowa tun daga yashi har zuwa kafar shiga gari.

Garin namu bai wuce gida goma sha biyu ba, yana kwance tsakanin gulbi da wani baƙin dutse, tafiyar rabin yini daga Maska. Maguzawa ne suka fara sare dajin, kakana ya zo daga baya da allunansa da irin auduga, suka ba shi fili a gindin kanya. Ba mu da ganuwa. Abin da muke da shi sarƙaƙiya ce da tsofaffi suka shuka ta kewaye gidaje, ta yi duhu har akuya ba ta iya ratsawa. Kafa ɗaya ce tak, ta wajen gulbi, kuma wanda bai sani ba zai wuce ta sau goma bai gani ba. Baba Nomau, Bamaguje maƙwabcinmu, shi ke kula da ita. 'Yarsa Marka ƙawata ce. Tare muke tsinkar auduga, tare muke korar tsuntsaye daga dawa, in ina karatun allo sai ta zauna nesa kaɗan tana jira in tashi mu yi 'yar carafke. Kullum Inna takan ce mana, "Mahara ba su san gari ba, ƙafa ce ke kai su."

Ran nan, a inda muka tona yashi, na hangi wasu tsakuwoyi farare, sumul, irin waɗanda carafke ke so. Na ajiye ƙwaryar ruwa da reshen, na tsaya tsinta. Da na ɗago, sauran sun ɓace cikin rake. Tsoro ya kama ni, na ƙulle tsakuwoyin a bakin zane, na ɗauki ƙwarya na ruga. Sai da na shiga gida na tuna da reshen. Na so in koma, na ji tsoron gulbi ni kaɗai. Na so in faɗa wa Inna, na ji tsoron duka. Na yini ina roƙon Allah Ya aiko iska, iska ba ta zo ba.

Washegari da hantsi, maza sun tafi sharar gona, mahara suka shigo a kan dawakai ta wannan kafa. Inna ta cusa ni ƙarƙashin rumbu ta toshe mini baki. Ba su daɗe ba. Sun tafi da awaki, da wata mata mai goyo, da Marka.

Da yamma aka taru a gindin kanya. Wasu suka ce Baba Nomau ne ya sha giya ya bar kafar a buɗe, maganar kuma ta zauna, domin ta fi sauƙin faɗa. Bai yi musu ba. Bayan kwana biyu ya same ni ni kaɗai a bakin rumbunmu, ya miƙo mini reshen nan, ganyensa ya bushe. Ya ce, "Ladi, na tsinci wannan a yashi. Ki kai shi murhu, kada wani ya gani." Na karɓa na kai shi murhu. Kafin ruwan shuka ya sauka ya kwashe iyalinsa suka yi wajen Mahuta, sauran Maguzawa suka bi shi gida bayan gida.

Na sha gaya wa kaina cewa wataƙila maharan sun riga sun san hanya, wataƙila hayaƙi suka hanga. Na tambayi malamai biyu ko akwai alhaki a kan yarinyar da ba ta balaga ba, suka ce babu. Na yarda da su, amma ban taɓa jin sauƙi ba. Tsakuwoyin suna nan a ƙasan tukunyar kayana, ban taɓa wasa da su ba.

Yanzu an sare sarƙaƙiyar an yi gonar auduga a wurin, hanya ta buɗe har jakai biyu na wucewa kafaɗa da kafaɗa. Jikokina na sauka gulbi suna tsalle, suna barin sawu ko'ina, ba mai ce musu komai. Ina murna da hakan. Ni dai har yau in na taka yashi sai na waiwaya.