Mai Maganin Feshi na Ƙofar Gayan

Duk manomin da ke shigowa birnin Zariya ta Ƙofar Gayan ya san shagon Malam Abdulwahab. Mahaifinsa baduku ne, amma shi bai gaji sana'ar fata ba. Tun yana saurayi ya kama sayar da maganin ciyawa da na ƙwari, da hodar da ake zuba wa wake a buhu. Mutum ne siriri, mai tsabtar riga, mai son a ce gidansa akwai tarbiyya.

A farkon aurensa shagon ɗan ƙarami ne. Idan damina ta gabato ya saro kaya da yawa, a gida yake jibge sauran, kuma ɗaki ɗaya gare su. Matarsa Munira ta yi goyon cikin fari a tsakanin jarkoki da kwalaye, wata jarkar na tsiyaya, wani buhun ya yage. In ta ce warin yana sa ta jiri, sai ya ce laulayi ne kawai. A ɗakin aka haifi Radiya, a nan ta yi rarrafe har aka yaye ta. Sai daga baya ya kama babban shago ya kwashe kayan, kafin a haifi ƙannenta biyu.

Radiya jaririya ce ɓul-ɓul, kowa na son ɗaukarta. Da ta shiga firamare sai yabon ya koma tsegumi. Jiki ya yi ta ƙaruwa, gudu kaɗan sai haki, yaran Islamiyya suka sa mata suna Buhu. Ƙannenta kuwa sirara kamar ubansu. Malam Abdulwahab ya yanke hukunci a ransa cewa haɗama ce. Ya sa aka rage mata tuwo, ya sa wa kicin kwaɗo.

"Malam, a kwano ɗaya suke ci," Munira ta ce. "Wallahi ba ta fi su ci ba."

"To a ɓoye take ɗauka," ya ce.

Ranar sunan ɗan yayansa a Gyallesu, ya shigo tsakar gida ya tarar da Radiya riƙe da waina. A gaban dangi ya daka mata tsawa.

"Ajiye! Ba ki ga yadda kika koma ba?"

Wasu suka yi dariya. Ta ajiye a hankali, ta koma bayan uwarta. Daga ranar ta daina zuwa sabgar dangi.

Tana da shekara goma wuyanta ya fara duhu, ga yawan gajiya. Munira ta matsa sai da suka je asibiti su uku. Likitar, wata mace mai magana a natse, ta auna yarinyar, ta tambayi abin da take ci. Daga nan ta koma baya, ta tambayi sana'ar uban da inda Munira ta yi rainon ciki. Munira ta ba da amsa kanta a ƙasa, ba ta rage komai ba.

"Malam, ba zan ce maka ga dalili guda ba," likitar ta ce. "Gado na iya kawo wannan, abinci ma haka. Amma akwai sinadarai a wasu magungunan feshi da wasu robobi da ake zargin suna rikita abin da ke tsara yunwa da tara kitse a jiki, musamman in yaro ya gamu da su tun yana ciki. Har yanzu bincike ake yi. Ni dai ban ga alamar yarinyar nan tana satar abinci ba."

Radiya ta ɗago. "Baba, ai na faɗa maka ba na ɗauka."

Ba da fushi ta faɗa ba. Malam Abdulwahab ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya cire hularsa ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Da suka fito, ya tare musu Keke Napep suka koma gida.

Sana'ar bai bari ba, don da ita yake ciyar da gida. Amma yanzu duk wanda ya sayi magani sai ya ce masa kada ya ajiye a ɗakin kwana, kada mai ciki ta matso kusa. Wasu su gode, wasu su ce Malam ya zama likita. Bayan sallar asuba yakan taka da Radiya ta gefen ganuwa zuwa Ƙofar Kibo, kamar yadda likitar ta umarce su. Jikin nata ya ɗan sauka, ba sosai ba.

Ya daɗe yana juya maganar a bakinsa kafin wata safiya, suna hutawa a bakin hanya, ya ce, "Radiya, ki yafe mini."

"Ba komai, Baba," ta ce da sauri, irin yadda ake amsa wa baƙo.

Har yau, in ya yi sallama ya shigo tana cin abinci, rufe kwanon take yi ta jira ya wuce. Shi ma ya gane, saboda haka yakan ɗan tsaya a zaure sai ta gama.