Hannayen Moyna a Jikin Ƙyalle

Prodip Haldar mai guga ne a wani lungu na arewacin Kolkata. Tun yana saurayi, in lokacin bukukuwa ya zo sai ya rufe rumfa, ya ɗaura sari, ya zama Moyna. Shi da Bablu Sardar, wanda ake kira Chameli in ya yi shigar mata, sun daɗe suna rawa tare a gidajen biki. Prodip ne ya koya masa karya ƙugu, shi ne kuma ke ja masa kwalli, don Bablu bai taɓa iya jan layi ya miƙe ba.

Sai wata mai ɗaukar bidiyo, Ishani, ta zo da sabon salo: mai rawa yana gaba da ransa, a bayansa ana haska hotonsa da majigi a jikin farin ƙyalle. Su biyun ta ɗauka, ta sha shayi a rumfar Prodip har ya fara ce mata ƙanwa. Da lokacin wasan ya zo, Bablu ta zaɓa.

Ranar wasa Prodip ya zauna can baya. Fuskar Chameli ta cika ƙyallen, wasu hannaye suna shafa mata hoda, suna ja mata kwalli. Hannayen Prodip ne, har da tabon ƙunar dutsen guga. Fuskarsa kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba. Da aka ɓarke da tafi, sai ya ji kamar ana marinsa.

Bablu ya biyo shi waje da guje, ƙafa na ƙarar ƙararrawa, yana kiransa Didi, wato babbar yaya, don da ma kamar mata suke magana da juna.

"Didi, kin ga hannunki? Kowa yabonsa yake."

"Na gani, 'yar nan. Ni aka yanke a wuyan hannu, ke aka bar miki kai. In ce dai da kika zo garin nan tafiyar agwagwa kike yi?"

"Haba Didi!"

"Tafi, masoyanki na jira."

Aka tafi da Bablu Delhi yin wasan. Prodip ya ce shi ba ya kallon irin wannan shirme, amma wayarsa na jingine da kwandon gawayi tana nuna wasan, yana guga yana leƙe, har ya ƙona rigar wani malamin makaranta.

Daga baya ya ɗauki kansa bidiyo da waya, ya ari majigi, ya shanya zanin gado a saman bene. Fuskarsa kaɗai ya saka, daga farko har ƙarshe. 'Yan kallon ba su fi maƙwabta ba. Bablu ya zo da furanni, ya zauna a gaba, ya fi kowa ihu, har da hawaye.

Wannan ya fi komai ƙona wa Prodip rai.

"Tausayina take ji," ya ce wa mai shayi washegari. "Ni Chameli za ta tausaya wa!"

Har yau duk Lahadi Bablu kan zo cin shinkafa da kifi. Prodip yana zuba masa tsoka mafi girma, amma bai taɓa tambayarsa yaya Delhi take ba.