Ruwan Alwala da Bedi Goma

Shekarar da aka raba dashen itatuwa a Ƙanƙara, ni ke sharar masallacin unguwarmu, ni ke kuma cika butoci. Wata Hajiya ce daga sakatariyar ƙaramar hukuma ta kawo dashen a bayan mota, kowanne cikin baƙar ledarsa. Kafin ta raba, sai ta warware wata babbar takarda ta liƙa a bango. An zana gidaje-gidaje masu launi a jikinta: wani da kwanon abinci yana tururi, wani da kofin ruwa, wani da itace da tsuntsaye a sama. Ta ce waɗannan su ne muradun da ƙasashen duniya suka zauna suka amince da su, kuma kowane gari yana da nasa kason aikin, komai ƙanƙantarsa.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma na tsaya gaban takardar nan har aka watse. Ban taɓa sanin cewa akwai abin da duk duniya ta yarda da shi baki ɗaya ba. Aka ba ni bedi goma, wanda wasu ke kira darbejiya, in dasa a gefen masallaci. Hajiya ta rubuta sunana, ta ce za ta dawo ta gani. Daga ranar na san na ɗauki amana.

Da damina ban sha wuya ba, sai dai kare su daga awaki, na yi wa kowanne shingen ƙaya. Da bazara ta kama, rijiyar masallaci ta ja baya, sai na koma bin layin famfo da jarkoki biyu. Ranar nan wata maƙwabciyarmu ta dube ni ta ce, "Malam, mu ɗiyanmu kwana biyu ba wanka, kai naka ɗiyan kullum sai an shayar da su. Mi suke ce maka in ka kai masu?"

Matan da ke layin suka yi dariya. Ni kuwa kofin ruwan nan na jikin takarda na tuna. In na shayar da bedi, na ƙwari mutane. In na bar su, na ci amana. Na kwana uku ban kai masu ruwa ba ina ta juya abin a raina, kuma cikin kwana ukun nan bedin da ke bakin kwanar titi ya bushe. Na karya reshensa na ji ya yi ƙas.

Washegari bayan azahar ina tattara butoci, sai idona ya faɗa kan ruwan alwala yana bin kwata yana fita titi, inda yake yin taɓo masu babura suna ta mita. Shekara da shekaru ina ganinsa, ban taɓa ganinsa a matsayin ruwa ba. Amma wani tsoro ya kama ni, domin na sha jin ana cewa zunubi yakan fita tare da ruwan alwala. Na sami liman a zaure.

"Allah gafarta Malam, in bedi ya sha wannan ruwan, mutane kuma suka zauna inuwarsa, ba komai?"

Ya sauke tabaransa ya dube ni. "Kai dai ba ka rasa abin damuwa. Zunubin nawa kake tsoron ya sha, ko naka?"

"Na kowa, Malam."

"Ruwan mai tsarki ne. Je ka ba itace, ka bar zunubi ga Mai gafarta shi."

Na haƙa ƙaramar hanya daga wurin alwala, na binne rabin duro a ƙarshenta. Bayan kowace salla in ɗiba in raba masu. Wani dattijo da ke zuwa daga Ketare ya ce ko ya riƙa yin alwala sau biyu saboda ɗiyana. Na roƙe shi kada ya yi, don almubazzaranci ne. Har yau yana tsokanata da wannan.

Da Hajiya ta dawo, ko gaisuwa ba mu gama ba na ce mata ɗaya ya mutu, kuma laifina ne. Ta bi hanyar ruwan da ido tun daga duro har wurin alwala, ta tambayi wanda ya koya mani. Na ce babu. Ta ɗauki hoto, ta ce za ta nuna wa masu masallatai a Faskari da Sabuwa, domin su ma rijiyoyinsu haka suke yi da bazara.

Sai ta miƙo mani wayarta. Taswira ce, da ɗan ɗigo kore a daidai masallacinmu. Ta matse yatsu biyu, Ƙanƙara ta tsuke, wasu ɗigo suka bayyana. Ta sake matsewa, Katsina ma ta ɓace, sai ga wani shuɗi mai faɗi, ta ce teku ne. A ƙetarensa ma ga ɗigo nan birjik, garuruwan da ban iya karanta sunansu ba. Ta ce kowanne mutane ne suka dasa wani abu suna kula da shi. Na zauna a kan dakali. Ashe a can ma akwai wanda ke tashi da tunanin dashensa kamar ni.

Ta ba ni sabon dashe madadin wanda ya bushe. Na ce ta rubuta a takardarta cewa na farkon a hannuna ya mutu. Ta yi murmushi, amma ta rubuta.

Yanzu ran Juma'a sahu yakan fito har ƙarƙashin bedin. Na bakin kwana ya fi sauran gajarta, shi nake fara ba ruwa.