Mai Sikeli da Takardar Garanti

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin duba ma'auni. Shi ne wanda ofis ke turawa kasuwa da gidajen mai da akwatin duwatsun awo a hannu, ya gwada sikelin mahauta, ya gwada famfon fetur ya ga ko litarsu ta cika lita. Shi ya sa har yau a unguwa ba a kiransa da komai sai Mai Sikeli. Aikin ya bar masa hali guda: ba ya yarda da maganar baki sai ya taɓa da hannunsa. Idan ka ce masa ƙarfe uku ta yi, sai ya kamo hannunka ya duba agogon da kansa. Mama takan ce ko ita, sai da ya shekara biyar yana jiran ranar da za ta fito da ainihin halinta.

Da ya yi ritaya sai ya ce zai sayi mota sabuwa dal, wadda babu wanda ya taɓa zama a kujerarta. Duk rayuwarsa tsofaffin motoci ya hau, kuma a ganinsa duk mai sayar da tsohuwar mota akwai abin da yake ɓoyewa. Ya zaɓi ƙaramar jif, ruwan toka, mai ɗan tsayi daga ƙasa saboda ramukan layinmu, mai but ɗin da zai ɗauki keken ɗinkin Mama idan ya lalace. Ranar da za a ba shi makulli, ni na raka shi. Ya zauna a ofishin dillalan ya karanta takardar garanti tun daga farko har ƙarshe, shafi goma sha huɗu, yana bin layi da yatsa. Mai sayarwar ya kawo masa ruwa sau biyu.

"Baba, ai duk abu ɗaya ne, shekara uku ko kilomita dubu ɗari. Sa hannu kawai."

"Idan abu ɗaya ne, me ya sa ya ci shafi goma sha huɗu?" in ji Baba, bai ko ɗago kai ba.

Wata huɗu motar tana tafiya kamar ruwa. Kullum da safe zai fito da tsumma ya goge ta, ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa tayoyi da ƙafa. Babu mai tuƙa ta sai shi. Sau ɗaya tak ya ba da aronta, ga maigidana, wanda ke da shagon magani, Baba kuma yana tsokanarsa da Likita. Motarmu tana gareji a lokacin, ga kwalayen magani da za a ɗauko daga wajen gari. Ya je ya dawo lafiya, har ya cika mata tanki don kunya.

Kwana tara bayan haka motar ta mutu a tsakiyar shataletale. Baba ya rage gudu zai shiga kwana, sai injin ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri kamar an ɗaure shi, wata babbar mota ta bayansu ta ja birki har tayoyinta suka yi ƙara. Mama tana gefensa. Ta ce ba ta san lokacin da ta kama hannunsa ba. Ya murɗa makulli, motar ta tashi kamar ba ita ba.

Washegari ya kai ta wurin dillalan. Manajan sashen gyara, wani mai farar riga da murmushin da ba ya kaiwa ido, ya sa aka jona mata kwamfuta. Bayan awa biyu ya fito.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta ga komai ba. Wataƙila man da aka sha ne ba shi da kyau. Kai kaɗai kake tuƙa ta?"

Wannan tambayar ita ta jawo mana wata shida na zaman doya da manja.

Bai taɓa cewa maigidana komai ba, amma ya daina kiransa Likita. Idan muka je gaisuwa, sai ya amsa a taƙaice ya koma kan jaridarsa. Ni kuwa, bayan 'yan makonni ya kira ni gefe.

"A wane gidan mai mijinki ya sha mai ranar nan?"

"Baba, ai wata guda ke nan. Man ya daɗe da ƙonewa."

"Na san gidajen man garin nan ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda na rufe da hannuna. Ki tambaye shi."

Na tambaya. Maigidana ya faɗi sunan wurin, har ya nemo rasit ɗin a aljihun wata riga. Baba ya karɓi rasit ɗin ya duba bayansa, ya ɗaga shi sama yana hangen haske, ya ce tawadar ta yi sabuwa da yawa. Ranar na koma gida ina kuka.

Motar ba ta daina ba. Ta mutu a bakin asibiti, ta mutu a gaban makaranta lokacin tashin yara, kullum idan injin ya yi zafi kuma aka rage gudu. Baba ya sayi ƙaramin littafi yana rubuta rana da wuri da lambar kilomita. Ga kuma wani sabon abu: idan aka yi ruwan sama, ruwa yana taruwa a ƙarƙashin shimfiɗar but, har wurin ya fara wari. Mama ta daina shiga motar. Ta ce gara ta hau bas ta isa da ranta.

Baba yana da tsohon aboki bakanike, Dogo, wanda ya riƙe masa tsofaffin motocinsa shekara da shekaru. Ya kai masa ita, amma ya gargaɗe shi.

"Kallo kawai za ka yi. Kada ka kwance ko noti ɗaya, shafi na tara na garanti ya hana."

Dogo ya buɗe bonet, ya saurari injin hannuwansa a baya kamar mai gaisuwar mutuwa. Daga nan ya nuna da baki.

"Ka ga wancan ɗan baƙin abin, kamar babban yatsa? Shi ke gaya wa injin lokacin da zai sha mai. Idan ya yi zafi ya rikice, mota ta mutu. Ko shi ne, ko wayarsa. Ka ce su canza."

"Idan suka ce sun canza alhali ba su canza ba fa?"

Dogo ya yi dariya. "Kai dai ba ka warkewa."

Da Baba ya dawo gida sai ya shiga ɗakin ƙanwata ya ɗauko kwalbar jan farcenta. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a ƙasan abin, inda ido ba ya kaiwa sai an sunkuya da madubi. Ya jira ya bushe, ya ɗauki hoto da wayarsa, sannan ya mayar da motar wurin dillalan.

Sun riƙe ta kwana goma sha ɗaya. Ranar karɓa na bi shi, don na san za a yi wani abu. Manaja ya miƙo takarda an buga mata hatimi: an canza abin, an gwada, komai lafiya. Baba ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce a buɗe masa bonet. Ya fito da madubin aske gemunsa, ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye.

"Zo ka gani, ɗana," ya ce wa Manaja a hankali.

Ɗigon yana nan, ja wur.

Na zaci mutumin zai ji kunya. Sai kawai ya gyara tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, wa ya shafa wannan? Wa ya nuna maka wurin? Ke nan wani bakanike na waje ya taɓa motar. Ka san abin da garanti ya ce game da haka."

"Na sani. Ya ce kwancewa ko gyarawa. Bai ce kallo ba."

"Wannan kuma sai babban ofis ya duba."

"To, ka haɗa musu da wannan. Na kawo ta da kilomita dubu tara da ɗari biyu da shida, yanzu tana nuna dubu tara da ɗari huɗu da goma. Ina ta je?"

"Gwaji."

"Gwajin kilomita ɗari biyu, a kan abin da ba ku canza ba?"

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo: an dakatar da garantin motar har sai an gama bincike, saboda akwai alamar hannun da ba na kamfani ba. Baba ya karanta ta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Kwana uku bai goge motar ba. Ya fara zargin kowa: mai sayarwar, wanda a cewarsa ya cika kawo ruwa, maigadin wurin, har Dogo, wai wa ya sani ko shi ya kai musu labari. Dogo ya ji, ya yi fushi, ya ce a gaya masa kada ya sake taka masa gareji.

Ashe duk wannan lokacin maigidana yana nasa aikin. Wata ungozoma da ke sayen kaya a shagonsa tana da irin motar sak, sai dai tata fara ce. Wata rana ya ga ta daɗe a waje tana murɗa makulli. Ya fita ya tambaye ta, ta ce ai ta gaji, sau uku tana kai ta, kullum sai a ce mata mai ne mara kyau. Daga ranar, duk irin motar da ta tsaya kusa da shagon, sai ya bar kanta ya fita ya yi sallama. Ya rubuta lambar wayarsa a ƙananan takardu yana maƙalawa a gilashin waɗanda bai tarar da masu su ba. Cikin wata biyu ya tara mutum bakwai. Dukansu an gaya musu mai ne. Biyu, har da ungozomar, an ce musu an canza abin.

Ya kawo wa Baba jerin sunayen da lambobinsu, ya ajiye a kan tebur, ya koma ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Baba ya dubi takardar, ya dube shi.

"Wa ya ba ka waɗannan? Kamfanin?"

"A'a, Baba. A titi na tsinto su."

Baba ya kira su ɗaya bayan ɗaya a gabanmu, yana yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya amma a jere daban, don ya ga ko an haɗa baki. Da ya ajiye wayar bayan na bakwai, ya cire tabarau ya murza idanu.

"Duk garin nan mai ɗaya muke sha ke nan," ya ce. Can kuma, ba tare da ya kalli kowa ba: "Likita, ka ci abinci kuwa?"

Iyakar ban haƙurin da aka samu ke nan, maigidana kuma ya karɓa da hannu biyu.

Su takwas suka shigar da ƙorafi a ofishin kare haƙƙin masu saye. Baba ne ya rubuta, da irin rubutun da ya saba yi wa masu tauye mudu. Ranar zama, kamfanin ya turo lauya da Manaja. Jami'ar da ke sauraro ta karɓi littafin Baba, da hoton ɗigon mai kwanan wata, da takardarsu mai hatimi, ta jera su a gabanta. Ta tambayi Manaja ina tsohon abin da suka cire. Ya ce an zubar. Ungozoma ta ce ita ma nata an zubar. Wani malamin makaranta ya ce nasa ma. Jami'ar ta ce lallai kwandon shararsu yana da girma. Lauyan ya nemi a ɗage zama.

Ba a sake zama ba. Bayan mako uku kowannensu ya sami wasiƙa: kamfanin, don kyautata wa abokan cinikinsa, zai canza abin da wayoyinsa kyauta, zai gyara robar ƙofar but, garanti kuma yana nan daram. Babu inda suka ce laifinsu ne. Baba ya ja layi a ƙarƙashin kalmar kyautatawa har biro ya huda takardar.

Ranar gyaran ya tafi da kujerarsa ta roba. Aka ce masu mota ba sa shiga wurin aiki. Ya ajiye kujerar daidai bakin layin da aka shata a ƙasa, ya zauna tun safe har la'asar yana kallon hannun mai gyaran. Da aka cire tsohon, ya ce a ba shi, ya sa a leda. Da aka kawo sabon, ya ce a buɗe kwalin a gabansa. Mai gyaran, wani dattijo mai furfura, ya matso kamar zai ɗauki sifana, ya ce da shi ƙasa-ƙasa, "Tun bara muka san da matsalar nan. Cewa aka yi mu goge abin mu mayar." Baba ya gyaɗa kai kawai. A hanyar gida ya biya ta garejin Dogo. Ban san abin da suka ce wa juna ba, na dai ga sun fito suna musu a kan ƙwallo.

Shekara biyu ke nan motar ba ta sake mutuwa ba. But ɗin har yanzu yana ɗan jiƙewa idan ruwa ya yi ƙarfi, Baba ya ce wannan kuma ya bar su da Allah. Mama ta koma kujerarta ta gaba. Mutanen unguwa sun gano shi: wanda ya sayi firji, wanda ya sayi janareta, duk sai su kawo masa takardar garanti ya karanta musu kafin su sa hannu, shi kuma ba ya gajiya.

Makon jiya kamfanin ya aiko masa da wasiƙa mai sheƙi, wai an fito da sabon samfuri, ya kawo tasa a musanya masa cikin sauƙi. Ƙanwata ta ce ai dama ce. Baba ya juya takardar gaba da baya, ya leƙa ta taga inda motar ke fake a inuwa.

"Me suka sani game da ita da ban sani ba," ya ce, "da har suke son ta koma hannunsu?"

Ya tashi ya ɗauki makulli, ya fita ya buɗe bonet.