Kada a Ce Auta Ya Miƙe

Shekara ashirin da shida Inna Mai Kujeru tana jera kujerun cocinsu, har sunanta na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. Ɗinki ne sana'arta, kuma idon da take duba kalmasar riga da shi take duba layin kujeru: in ɗaya ta leƙo gaba da rabin taki, sai ta taso daga ƙarshen coci ta mayar da ita. Mijinta mai walda ne, shi ya ƙera ƙofar ƙarfen cocin kafin ya rasu.

Ɗansu na ƙarshe, Auta, shi ya gaji shagon waldar, amma ya daina zuwa coci. Bayan rasuwar uban ya yi shekara biyu yana aiki a wani gari, ya dawo da gemu da faɗin kafaɗa. Ranar Lahadin farko da ya shiga, dattijon ikilisiya, wanda idonsa ya fara rauni, ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ga baƙo can, ya miƙe mu marabce shi." Aka yi masa waƙa da tafi a cocin da aka yi masa baftisma. Ya fita ta ƙofar da ubansa ya ƙera, shekara tara ke nan bai sake taka ta ba.

Da Fasto ya sanar cewa za a yi darasin gabatar da bangaskiya na mako takwas a zauren wani otal, domin mutanen da ƙafarsu ba ta iya shiga coci, Inna ta tafi shagon waldar ta zauna a kan tsohuwar taya har Auta ya kashe inji.

"Otal ne fa, ba coci ba. Shayi za a sha, a yi hira."

"Zan zo saboda ke, Inna," in ji shi. "Amma aka ce in miƙe, kin ga tafiyata ke nan."

Tun daga ranar abinci ya daina yi mata daɗi. Ta ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, abin da ba ta yi ba tun tana koyo.

Ranar Asabar ta isa otal da hantsi, taron kuwa sai ƙarfe huɗu. Kafin Fasto ya zo ta jera kujeru sittin layi-layi, ta bar hanya a tsakiya, ta ja teburi gaba ta shimfiɗa masa farin zane. Fasto ya tsaya bakin ƙofa ya dafe kai.

"Mama, ai kin ɗauko cocin ne kin kawo otal! Wanda ya leƙo ya ga layi, ya san wa'azi ne, sai ya juya."

Ya sa aka kawo tebura masu zagaye, kowane da kujeru shida. Ya ce ba mumbari, ba baiko, ba waƙa. A fara da shayi, jawabi kada ya wuce minti ashirin, sauran lokacin na tambayoyi ne, kuma a tashi ƙarfe shida daidai domin otal na da wani taro. Ma'aikaciyar da ke kula da zauren ta ƙara nata: a bar teburi ɗaya kusa da ƙofa, saboda mai jin kunya yana son ganin hanyar fita kafin ya zauna. Inna ta rushe layinta da hannunta, ranta na sosuwa, ta goge teburin bakin ƙofa sau uku.

Sannan ta tare Dattijo a baranda ta rusuna. "Baba, don Allah yau kada a ce kowa ya miƙe."

"Haba, na ji mana. Fasto ya faɗa, ke kin faɗa. Yaro ne ni?"

Mutane suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Inna na riƙe da butar shayi, idonta na kan ƙofa, har ta cika wa wani kofi ya zube a faranti. Huɗu da kwata Auta ya shigo da wankakkiyar riga, ya zauna a teburin bakin ƙofa, rabin jikinsa a kan kujera.

Sai na'urar nuna hoto ta ƙi kamawa. Fasto ya duƙa yana fama da wayoyi, ya miƙa wa Dattijo makirfo ya ce ya ɗan gaisa da jama'a. Dattijo ya yi gaisuwa mai kyau, ya yi godiya ga otal, sannan bakinsa ya bi hanyar da ya saba bi shekara talatin.

"To, waɗanda yau ne farkon zuwansu, su miƙe mu gan su."

Inna ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗaga hannu ta ce da ƙarfi, "Kowa da kowa! Mu miƙe duka!" Tunaninta shi ne in kowa na tsaye ba wanda za a kalla. 'Yan coci suka miƙe don girmanta, baƙi suka bi su. Zauren duka ya tashi tsaye, ban da mutum ɗaya. Idanu suka juya bakin ƙofa, inda Auta ke zaune shi kaɗai, hannunsa a kan makullin babur.

Kunya da tsoro suka rufe ta. Da hannunta ta yi masa abin da ta yi mako biyu tana roƙon kada a yi. Ta ajiye butar, ta ratsa tsakanin mutane, ta ja kujerar gefensa ta zauna, ta kasa kallonsa.

Dattijo ya ajiye makirfo ya taho a hankali, yana dafa bayan kujeru. Ya sunkuya yana ƙura wa Auta ido.

"Ɗana, daga ina?"

Inna ta runtse ido tana jiran ƙarar kujera.

"Ni ne ɗan mai walda," in ji Auta. "Wanda ya yi muku ƙofa."

Dattijo ya nemi kujera ya zauna da kyar.

"Ƙofar nan kuka take yi," ya ce. "Shekara uku ke nan. Duk wanda muka kira sai ya ce a canja ta, ni kuwa na hana."

Auta ya juya makullin a hannunsa, sannan ya sa shi a aljihu.

"Ba canji take so ba. Baƙin mai za a sa mata sama da ƙasa, haka Baba yake yi." Ya tura kofinsa gaban uwarsa. "Inna, shayin nan ya huce."

Ta tashi ta ɗauko butar, ta sake cika masa kofin.