Sanyin da Maigidana Ya Shiga Rijim

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya kwashe sanyin shekarar da maigidana ya shiga rijim. Shekaru sun ja, yaran da suka sha wuyar abin har sun zama samari da 'yan mata, amma har yau in na ga an buɗe kwalbar zuma sai dariya ta taso mini, daga baya kuma haushi ya biyo.

A unguwar Mansur ta Makka muke zaune, shi kuma direban babbar bas ne a wani kamfanin jigilar masu Umra. Aikin nan shi ne komai namu. Da shi ake sabunta igama, wato takardar izinin zama, da shi muke zaune a gidan haya, kuma a Ramadan ne direba ke samun abin da zai riƙe gida, don a watan mota ba ta hutawa. Sai idonsa na dama ya fara yana. Da farko cewa yake gilashin mota ne ba a wanke da kyau ba, har ranar da na ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana ta zuba bai sani ba. Muka tafi asibiti. Likita ya ce aikin ba wani mai wuya ba ne, amma sukarinsa ya hau sosai, ba zai taɓa idon ba sai ya sauka. Ya ba shi magani, ya sa masa rana a ƙarshen Sha'aban. In sukari ya sauka a yi aiki ya kama Ramadan a kan sitiyari. In bai sauka ba, babu kamfanin da zai damƙa wa mai ido ɗaya mota cike da bayin Allah.

Muna dawowa gida ya tara mu a falo kamar za a raba gado. Ya ce daga yau gidan nan ya shiga rijim, wato cin abinci da ƙa'ida. Ban san lokacin da ciwon mutum ɗaya ya zama na gida duka ba. Ya shiga kicin da kansa, wanda rabonsa da shi tun ranar da muka tare, ya ɗauke gwangwanin sukari, ya kwashe lemon kwalban da ke firji ya kai wa maƙwabta. Farin burodi ya zama haram, sai mai ruwan ƙasa. Da rana dafaffen zogale da kokwamba, da yamma miyar kuka babu mai, tuwon kuma ɗan mitsitsi. Muna ci yana kunna mana bidiyoyin waya, yau wani mai farar riga yana zagin shinkafa, gobe wani yana zagin mai. Autarmu, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta kalli kwanonta ta ce, "Ya Baba, wallah ni ba ni da sukkari." Ya ce rigakafi ake yi mata.

Da a nan abin ya tsaya, da na yi haƙuri, don ni ma ina son idon nan ya warke. Amma sanyi ya shigo.

Wanda ya san sanyin Kano zai yi dariya in ya ga abin da ake kira sanyi a Makka. Iska ce mai daɗi kawai, amma za ka ga mutane sun fito da jaket da hular kunne suna rawar ɗari. Sai dai shi ne lokacin da gari ke sakewa. Duk wanda ya ƙi aurar da 'yarsa a cikin zafi, yanzu zai aurar. Ga walimar suna, ga ta sauka, ga 'yan uwa da suka zo Umra daga gida ana gayyatarsu, ga istiraha da ake kamawa a bayan gari, gida mai fili inda dangi ke yini ana gashi. A mako da wuya a rasa inda za a sauke tire.

A nan ne na gane na auri babban malami ban sani ba, domin kowane tire da fatawarsa. Amsa gayyata haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan uwansa, saboda haka dole ya je. In ya je kuma bai ci ba ya wulaƙanta mai gida. Shinkafar mandi, wadda ake dafawa da naman rago, doguwa ce, ba irin mai sitacin nan ba ce. Naman rago in an matsa masa lemon tsami kitsen ya mutu. Sahlab, wato madarar nan mai kauri da ake sha da zafi, maganin sanyi ne ba abin daɗi ba. Ruwan mangwaro da ake matsewa a shago ai 'ya'yan itace ne. In an gama duka sai ya nemi koren shayi, wai yana wanke ciki tas. Uwa uba zuma da dabino. Tun da ya bar sukari, sai ya koma zuba zuma cokali biyu manya a kowane kofin shayi, dabino kuwa ba ƙirgawa, ƙwallayen ne kawai ke ba da labari a kan faranti.

Wata safiya na kasa haƙuri na ce, "Alhaji, wannan zumar fa ita ma zaƙi ce."

Ya kalle ni da idon mai kyau ya ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Zuma waraka ce."

"Na sani waraka ce. Amma ko maganin asibiti ai ba a shanye kwalba a zama ɗaya."

"Ke dai ki kula da tukunyarki. Na rantse kin koma sa wa miya mai."

Haka muka yi ta tafiya, mu a gida muna ramewa, shi a waje yana ƙyalli. Babu abin da ya fi ba ni haushi irin ya dawo daga walima, gemu na ƙamshin kitse, ya leƙa kwanon yara ya ce shinkafar ta yi yawa.

Sai Sha'abana ta zo. Al'adar mutanen Makka ce, kafin azumi ya kama dangi su fita bayan gari su yini ana ci ana sha, a yi bankwana da abincin rana. A danginsu kuwa ba a yin ta sai a hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, wadda aka aurar nan tun tana yarinya, har ta ga jikoki da tattaɓa kunne waɗanda ba sa jin Hausa sai ta zagi. Mace ce mai kirki da kyauta, amma a wurinta wanda bai ci ba ko dai yana fushi da ita ne ko kuma ya kusa mutuwa. Ita ta kan yi tata tun tsakiyar wata, don kada wani ya riga ta.

Maigidana ya je da kularsa ta musamman, cike da ganyen latas da kokwamba. Aka shimfiɗa dardumai a istiraha, ya zauna a tsakiyar maza ya buɗe kula yadda kowa zai gani, ya fara wa'azi. Daga ɓangaren mata muna jiyo shi yana bayanin yadda farin sukari ke cinye jijiya, yana nuna tumbin wannan yana nuna wuyan wancan. Har da ce wa wani ɗan Gwaggo in bai bar lemon kwalba ba zai ga abin da zai gani. Kafin la'asar ya cinye latas ɗin tas, kowa ya shaida.

Bayan la'asar Gwaggo ta aika aka kira shi bakin labule. A gabanta akwai kwanon ma'asub, burodi da ayaba da aka kirɓa, an lulluɓe da gishɗa, wato kakkauran man madara, zuma kuma na kwance a kai har tana gangarowa.

Ta ce, "Ya waladi, ɗan yayana yana cin ciyawa a Sha'abanata? Me na yi maka?"

Ya ce, "Gwaggo, likita ne ya hana."

"Likitan ne ya goya ka? Da hannuna na kirɓa. Babu sukari ko ƙwaya, zuma ce zalla daga dutse. Wallahil azim sai ka ci."

Ya juyo ya kalle ni, fuska a marairaice, kamar wanda za a kai kurkuku. Ya ce, "Kin dai ji ta rantse. In ban ci ba na jefa tsohuwa a kaffara." Na ce ya ɗanɗana cokali ɗaya ai rantsuwa ta fita. Gwaggo ta ce da ni, "Ke kuma, ba ki ciyar da shi ba, ki bar mu mu ciyar." Ya zauna ya ceci Gwaggo daga kaffara har sai da ya ga gindin kwano. Kafin magariba ya sake ceton matar ɗanta, wadda ita ma ta rantse a kan kunafa, wani kayan zaƙin Larabawa.

Da ranar asibiti ta matso, sai tsoro ya kama shi da gaske. Wani abokin aikinsa ya ba shi dabara, wai ai jini abin da ka ci kwanan nan yake nunawa, in ka matse ciki na 'yan kwanaki shi ke nan. Ya daina cin komai sai kokwamba. Ya sa na jiƙa masa hulba, na dafa masa shuwaka mai ɗacin da ko akuya sai ta yi tunani, yana sha yana yamutsa fuska. Da hantsi ya hau tudun bayan unguwa ya sauko yana haki. Ɗan abin awon sukari na gida kuwa ya ba shi abin da yake so, lamba ta yi ƙasa. Ya bi mu ɗaki ɗaki yana nuna mana, har maƙwabci sai da ya gani. Ya ce da ni, "Ina masu cewa zuma zaƙi ce?"

Na raka shi asibiti. Aka ɗebi jini, muka jira, aka kira mu. Tun kafin ya zauna ya fara ba likita labarin rijim, da zogale, da yadda ya kori sukari daga gidansa. Likitan ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Ya Hajj, sukarinka na yau lafiya lau. Amma ba shi nake dubawa ba. Akwai wanda muke kira tarakumi, shi yana nuna yadda jininka ya kasance wata uku da suka wuce. Naka bai sauka ba, ƙaruwa ma ya yi."

Maigidana ya ce, "Wata uku?"

"Wata uku. Me kake ci a sanyin nan?"

Na zuba wa silin ido, ina jin mandi da sahlab da ma'asub suna shigowa ofishin ɗaya bayan ɗaya suna gaishe mu. Likita ya ce ba zai yanka idon ba, a dawo bayan wata uku. A mota dariyar da na tanada ta ƙi fitowa, don na san Ramadan ya tafi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Kafin mu isa gida labari ya zaga dangi, kuma an riga an gano mai laifi. Ni ce. Wai ba na kula da cimarsa, wai mace ce ke riƙe lafiyar mijinta. Masu faɗin haka su ne dai waɗanda suka yi ta tura masa tire duk sanyin nan.

Washegari da hantsi Gwaggo ta zo jaje, jikarta na biye da ita da tiren basbusa, kek ɗin Larabawa mai zaƙi, yana sheƙi. Ta zauna ta yi kukanta na gaskiya, ta yi wa likita addu'ar shiriya, sannan ta yaye ledar tiren ta ce, "Ci ka ji ƙarfi, ya waladi. Da zuma na yi. Wallahil azim sai ka ci."

Ya daɗe yana kallon tiren. Ni dai na riga na sallama. Sai na ji ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan ci ba."

"Na fa rantse."

"Na ji. Kaffarar ciyar da miskinai goma ce. Ga tire nan, a ƙara da shinkafa, zai ishe su."

Gwaggo ta yi fushin da sai bayan Sallah ta sake taka gidanmu. Shi kuwa kamfani ya ba wani motarsa, aka ajiye shi a gareji, igamar ma da ƙyar da roƙo ta tsira. Duk Ramadan yana ganin bas na fita cike suna dawowa cike, ya dawo gida ya yi buɗa baki da ɗan dabinonsa da ruwa da miya, ba wa'azi ba bidiyo. Ya mayar wa yara sukarinsu. Ya koyi zuwa walima ya ci kaɗan ya ture tire ya yi godiya, kuma ba a taɓa jin wani mai gida ya mutu saboda haka ba. Gab da aikin Hajji aka yi masa aikin ido.

Abin da na koya shi ne, jiki ba ya jin wa'azi kuma ba a yi masa wayon kwana kaɗan, abin da ka zuba masa ranar biki yana riƙe da shi kamar na kowace rana. Na kuma koyi cewa masu ƙaunarka za su rantse da Allah sai ka ci, kuma da zuciya ɗaya suke yi. Amma ranar da aka ce ido ya tafi, a cikinsu babu wanda zai ara maka nasa ka tuƙa mota.