Ranar da Adda Hamida Ta Hana a Tashi wa Baƙo

Adda Hamida ta shekara ashirin da biyu tana bin jirgin ƙasa daga Kaura Namoda zuwa Zariya da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ni maƙwabciyarta ce, a gida da kuma a tarago, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Gajeruwar mace ce mai murya, in ta fara yi maka faɗa har godiya kake yi idan ta tsaya.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, masu jirgi suka ɗauke mana dogayen taragai, suka kawo wasu guntaye irin na tafiyar rabin awa. Bencin katako, ba ban-ɗaki, ba wurin kaya, gwiwarka cikin gwiwar na gabanka. Mu kuwa yini muke yi a hanya. Maza na gaba, mata na baya, amma matsin bai bar kowa ba. Adda ta riƙa dawowa ƙafafunta a kumbure kamar tulu, har babban ɗanta Misbahu ya ce in ruwan farko ya sauka ba a canza tarago ba, ta bar hanya ke nan. Ta san ba wasa yake ba, ta kuma san zaman gida zai riga ciwon ƙafa gamawa da ita.

Ita ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, fatake da ɗalibai da masu zuwa asibiti, aka rubuta takardar koke muka dangwala yatsa. Bayan wata biyu aka turo sufeto ya bi jirgin ya gani.

Nan muka tafka wautarmu. Mutumin na shigowa da fayil a hammata, ƙanen Adda, Malam Nasidi mai fatu, ya miƙe zumbur. Kafin ka ce kwabo mutum biyar sun bar masa benci guda, an shimfiɗa darduma, an kawar da buhuna, wani har da fifita. Ya ce, "Ina gajiya?" muka amsa baki ɗaya, "Ba gajiya!" Ya sha fura, ya yi barcinsa har Gusau, ya sauka. Rahotonsa ya ce akwai wuri a wadace, fasinjoji ba su da kuka. Ni ma da bakina na ce ba gajiya, alhali jaririn wata na kan cinyata, kwandon wata na kan ƙafata. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Adda ta sa aka sake rubutawa, har sau uku, sannan aka ce zai dawo. Da safen ranar ta tara mu a bakin tasha.

"Kun ga abin da kunka yi wancan karo," in ji ta. "Yau kowa shi zamna inda yake. Wanda duk yat tashi, ni da shi."

"Haba Adda," in ji Nasidi, "baƙo na hwa. Mu bar shi tsaye? Mi za a ce da mutanen Kaura?"

"A ce sun gaji."

Ta zauna a bencin farko na mata, daidai bayan ƙanen nata. Sufeto ya shigo ya tsaya yana jira. Nasidi ya yunƙura, ashe ta riga ta naɗe gefen babbar rigarsa a hannu, sai ya koma daɓas. Maza suka sunkuyar da kai, zufar kunya na karyo musu.

"Ina gajiya?" in ji sufeto.

"Akwai ta, ɗana," in ji Adda. "Matso ka ɗibi taka."

Haka ya tsaya tsakanin buhun gero da kejin kaji. Ya so ya yi rubutu, ba inda zai motsa gwiwar hannu. A Gusau ya nufi ƙofa, masu shigowa suka maido shi ciki. Da ya tambayi ban-ɗaki cikin raɗa, wani dattijo ya ce masa sai Zariya in Allah ya kai mu. A Funtuwa ya samu ya fita yana ɗingishi. Adda ta miƙa masa ruwa ta taga ta ce, "Ka yahe muna, ba halinmu ba ne." Daga baya ta gaya mini tun da aka haife ta ba ta taɓa yin abin da ya yi mata wuya kamar zaman nan ba, tana kallon baƙo a tsaye.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas lokacin da dogayen taragai biyu suka iso Kaura. Misbahu da kansa ya ɗauko kayanta a babur. Ya shiga ya duba kujeru, ya leƙa ban-ɗaki, ya fito ya shigar mata da kayan. Adda ta miƙe ƙafafunta har ƙarshe, ta leƙo ta taga.

"Laraba ka zo ka tarbe ni," in ji ta. "Kuma ka ce ma matarka ta naɗe tabarmar da tash shimhiɗa min tsakar gida. Ban zo zama ba tukun."